"Na san ubansa": Yadda fataken Gwanja suka yi kasuwanci ba banki ba waya

Daminar da ta wuce, da muka dawo gida Karaye hutu daga jami'a, an ɗora mana tsaron shagon wani kawunmu mai sayar da takin zamani da iri da maganin feshi. Lokaci ne da kowa ke neman taki, kuma ba kowa ke da kuɗi a hannu ba. Ran nan da hantsi sai ga wani magidanci a kan babur daga wajen Kafin Dabga. Suka gaisa da Kawu, gaisuwa mai tsawo: aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa, aka tambayi jikin wata tsohuwa. Can sai muka ga yaran shago suna ɗaura masa buhu biyu a bayan babur. Bai ba da ko sisi ba, bai kuma sa hannu a wata takarda ba. Kawu ya jawo wani tsohon littafi daga ƙarƙashin teburi, ya rubuta layi ɗaya da ajami, ya mayar.

Da mutumin ya tafi muka ce, "Kawu, wannan fa in ya ƙi biya?"

Ko ɗago kai bai yi ba. "Na san ubansa," in ji shi. "Sai kaka."

Mu da aka cika wa kunne a aji da maganar jingina da yarjejeniya da sa hannun shaidu, amsar nan ta yi mana kaɗan. Sai da muka koma makaranta muka shiga ɗakin karatu muna bin tarihin fatauci, sannan muka gane cewa kalmomin nan uku sun girmi Kawu nesa ba kusa ba. Su ne suka riƙe ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kasuwancin Afirka ta Yamma, hanyar da ta haɗa ƙasar Kano da Gwanja, tafiyar fiye da kilomita 1,000 a ƙafa, a zamanin da babu banki, babu waya, babu mota.

Abin da ake zuwa nema goro ne. Ku duba dai, 'yan'uwa ɗalibai: ba a ɗaurin aure, ba a raɗin suna, ba a zuwa gaida surukai ko malami sai da goro, amma itacensa ba ya yi a ƙasarmu, na kurmi ne. A ƙarni na 19 mafi kyawunsa daga dazuzzukan Asante yake fitowa, a ƙasar Gana ta yau, ana kawo shi arewa zuwa kasuwar Salaga da ke ƙasar Gonja. Gonja ɗin nan ce bakin Bahaushe ya mayar Gwanja. Har yau in kun shiga kasuwannin ƙasar Yarbawa za ku ji suna kiran irin goron da muke ci "gbanja". Sunan ya bi shi har can.

Ayari kan tashi ne da rani, bayan an kawar da amfanin gona kuma rafuka sun ja baya. Mutane ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, ga jakuna, ga takarkarai, ga masu ɗauka a ka, ga mata masu dafa abinci. Kayan da suke tafiya da shi namu ne na gida: kanwa, baƙin rini irin na Kura, rigunan saƙi, jar fata, gabu. Su nufi yamma, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Borgu, su biyo ta Yendi su faɗa Salaga. Zuwa da dawowa kan ci rabin shekara, wani sa'in shekara guda cur. Madugu ne shugaba, shi ke zama da sarakunan hanya a daidaita abin da za a biya kafin a wuce. Jagaba yana gaba, shi ya san hanya da inda za a yada zango. Uban dawaki shi ke tara kuɗin fito da na gaisuwa daga hannun fatake. Akwai kuma malamin ayari, mai addu'a, mai rubutu, mai riƙe lissafi.

Dawowar ta fi wuya, domin goro kaya ne mai shagwaɓa. Ba ya son rana, ba ya son bushewa. Ana naɗe shi a ɗanyen ganye a yi huhu, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an kwance, an tsince, an yayyafa ruwa, an sake naɗewa. Goro ɗaya mai sankara in aka bar shi a ciki, sai ya lalata na kusa da shi. Yanzu ku ɗauka ku ne mai kayan nan, kuna da jakuna ashirin, ba za ku iya duba kowane huhu da kanku ba. Wa za ku ba wa aikin? Wanda in ya yi ha'inci ba shi da inda zai gudu ya ɓoye fuskarsa: ƙanenku, ɗanku, ɗan 'yar'uwarku, ko baran da ya tashi a zaurenku.

Shi ya sa fataken nan ba su da wata kalma mai kama da "kamfani". Gida suke cewa. Gidan wane ya tafi Gwanja, gidan wane ya yi hasara bana. Yaro kan fara tun yana sa'an yawancinku, da korar jakai da ɗebo ruwa a zango, ba albashi sai ci da sutura. In ya nuna hankali sai a bar shi ya saƙala ɗan kayansa a gefen na maigida, ribar tasa ce. Bayan shekaru maigida ya yi masa aure, ya ba shi jari, ya zama mai cin gashin kansa, amma har abada yaron gidan ne. Duk wanda ya taɓa zaman shago a Kantin Kwari ko Singa ya san wannan tsari bai mutu ba.

Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya yi hira da tsofaffin fatake a ƙasar Kano ya kuma fitar da littafi a kansu a 1980, ya nuna cewa jama'a uku ne suka fi riƙe wannan hanya: Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin suka zauna a ƙasashen Katsina da Kano, sai Kambarin Barebari, masu asali daga Barno, waɗanda cibiyarsu ke Gummi. Dukansu Hausa suke yi, Hausawa suka zama, amma sun riƙe asalinsu gam, kuma sun fi yin aure a tsakaninsu. Da farko mun ɗauka ƙabilanci ne kawai. Da muka ƙara tunani sai muka ga akwai lissafi a ciki. Wanda ka ba 'yarka ba zai gudu da jarinka ba, in ma ya gudu ka san ƙofar da za ka je ka yi sallama.

Ga kuma matsalar kuɗi. Kuɗin zamanin wuri ne. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya tarar ana canza dala ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Keso guda, wato wuri 20,000, kusan kayan mutum ɗaya ne. Ku yi lissafi: ƙato guda zai yi ta nishi da kayan da bai wuce dala takwas ba, kuma sai an ciyar da shi a hanya. Kafin a kai Salaga ya cinye abin da ya ɗauko. Don haka ba a tafiya da kuɗi, da kaya ake tafiya, kuma ciniki da yawa a kan bashi yake gudana. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. To amma alƙalin Kano ba shi da iko a Salaga, dogarin Sarkin Gonja kuma ba zai zo Kurmi ya kama kowa ba. In mutum ya ci maka kaya a can, ina za ka kai ƙara?

A nan ne fatoma ya shigo, wato mai masaukin fatake. Bahaushe ne da ya zauna a can, ya yi gida, ya iya harshen mutanen wurin. Shi zai sauke ka, ya ciyar da kai, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da dillali, a ba shi la'ada. Babban aikinsa kuwa shi ne tsayawa: in aka ba wani kayanka bashi a kan maganarsa, mutumin ya ƙi biya, shi zai biya. Dole ya biya, domin in labari ya koma Kano cewa an cuci baƙo a gidansa, ayarin baɗi ba zai sauka a wurinsa ba. Labari kuwa yana tafiya, a bakin matafiya da kuma a takarda. Alhaji Umaru, malamin nan da aka haifa a Kano a 1858, wanda ya zauna a Salaga sannan ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934, ɗan gidan fatake ne, kuma cikin rubuce-rubucensa na farko akwai littafin koyar da yadda ake tsara wasiƙa.

Wannan tsari ya yi tsawon rai fiye da ayarin jakuna. A farkon shekarun 1960 wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan, ya ga yadda ake sayar wa mahautan Yarbawa shanun arewa bashi, ba takarda ba sa hannu, a kan maganar maigida kawai. Ya kuma lura cewa masu gidajen nan suna yi wa yaransu aure, suna karɓar riƙon 'ya'yan abokan cinikinsu. Ɗanka yana cin tuwo a gidana, ɗana yana naka, wa zai fara cin amanar wani?

Yaron Bebeji

Kiru ce kawai ta raba mu da Bebeji, kuma a can aka haifi mutumin da ya fi kowa shahara a cikin Agalawa, wajen shekarar 1877. Kakansa, Baba Talatin, ya taso daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne na hanyar Gwanja. Da za a ce komai ya tafi daidai, da yaron nan Alhassan ya gaji jakuna da barori ya ci gaba. Sai mahaifin ya rasu yana ɗan ƙarami. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce mai ƙarfi, ta tafi Akra ta zauna, ta bar yaran a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Sunan wannan baiwar Allah ne ya bi shi, ya zama Alhassan ɗan Tata. Mu dai wannan ya tsaya mana a rai: sunan da ke jikin manyan gine-gine da motoci a yau, sunan matar da ta yi riƙo ne, ba na madugu ba.

Ya yi almajirci, ya yi 'yan saye-da-sayarwa, ana kuma ba da labarin asusun da ya riƙa tari a ciki tun yana yaro. Yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa ya rutsa da shi, masu tarihinsa sun ce har kama shi aka yi sai da aka yi fansa. Dukiya dai bai taras da mai yawa ba. Abin da ya taras shi ne hanya da mutane: duk zangon da ya sauka, akwai wanda ya san ubansa.

Da zamani ya juya, sai ya juya da shi. Salaga ta riga ta faɗi bayan yaƙin da aka yi a cikinta a 1892. A farkon ƙarni na 20 Alhassan yana cikin Hausawan da suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Legas, maimakon wata da watanni a bayan jaki. A 1911 layin dogo ya iso Kano. Turawa sun sa rai auduga za su riƙa kwasa, sai ga gyaɗa ta cika tasha tun daga kakar 1912. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi da sikeli, amma ba su san manomi ko ɗaya ba. Waɗanda suka san manoma su ne fataken goro, irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, da kuma Alhassan, wanda kamfanin Niger Company ya jawo a 1918. Su ne ke da yara a ƙauyuka irin namu, masu raba gishiri da tufafi da kuɗi tun da damina, a biya da gyaɗa in kaka ta yi. Sai kaka, kamar dai yadda Kawu ya faɗa. Ana ba da labarin cewa a 1929 raƙuma 20 ne suka kai kuɗinsa na azurfa bankin Turawa da ke Kano, bankin da ya zama First Bank a yau.

Ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955. Masu tarihinsa sun ce da ya ji ciwo ya yi tsanani ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su yayyaga kasuwancin. Ya san abin da yake tsoro, domin shi kansa ya ga yadda gida ke watsewa in maigida ya faɗi: a raba gado, kowa ya ja jakinsa, jarin da ya isa tafiya Gwanja ya koma bai isa zuwa Gwarzo ba. Aliko Dangote tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa, kuma shi ma da rancen kawu ya fara a 1977.

Matar Zarewa

Kada 'yan mata su ce labarin nan na maza ne. A daidai shekarun da aka haifi Alhassan, an haifi wata yarinya a Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa, a ƙasar Rogo ta yau. Ita ce Baba. Da ta tsufa tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa, tsakanin 1949 da 1950. Ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Abin kunya ne a ce mu 'yan Karaye da Rogo sai a jami'a muka fara jin sunanta. Ku tambayi malamin tarihinku.

Baba ba ta je Gwanja ba. Kasuwarta tana cikin gida, irin ta matan zamaninta: kaɗi, dafa abin sayarwa, yara su kai talla. Amma ta yi dogon bayani a kan ƙawance, kuma wanda ya karanta da idon ɗan kasuwa zai ga tsari ne sosai. Ƙawa a wurinsu ba wadda kuka haɗu a hanyar rafi kuka yi hira ba ce. Ƙulla ta ake yi, a aika da kyauta, a mayar, kowa ya sani. Daga nan duk bikin da ya same ki, aure ko suna, ƙawarki za ta kawo gudummawa, ke ma in nata ya zo ki mayar har da ƙari. Kakanninmu mata sun san ƙa'idar biki: abin da aka kawo miki ninkawa ake yi, in ya yi yawa a yanke a sake farawa daga ƙasa. Ba mai rubutawa, amma ba mai mantawa. Macen da ba ta da asusun banki tana da ƙawaye huɗu ko biyar, ta san ranar da buƙata ta taso ba za ta ji kunya ba. Baba kuma ba ta haihu ba, 'ya'yan riƙo ta raina, kamar Tata.

A cikin labarinta ne kuma muka ci karo da ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Ta ba da labarin mahara masu sace mutane a ƙauyukan yankinmu, da yadda dangi ke haɗa kuɗi su fanso nasu. Ta kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa gidansu yana da rinji, wato ƙauyen bayi masu yi musu noma. Ayarin Gwanja ma haka ne. Cikin masu ɗaukar kaya akwai bayi, wani lokaci su kansu ne kayan, kuma Salaga ta yi suna da cinikin mutane kamar yadda ta yi da na goro. Amanar nan da muke yabo tana da katanga. Wanda ke ciki, ɗan wane ne, za a fanshe shi. Wanda ba a san ubansa ba, ana iya sa masa farashi.

Wannan ba halin Bahaushe kaɗai ba ne. A Amurka, tun kafin ta sami 'yancin kai a 1776, 'yan kasuwar garuruwan bakin teku sun yi fama da irin matsalar fatakenmu. Wasiƙa kan yi makonni shida ko fiye kafin ta ƙetare teku zuwa Ingila, kuɗi a hannu sun yi ƙaranci, jirgi in ya tashi sai bayan watanni a ji labarinsa. Su ma maganin da suka samo ke nan: ɗan'uwa a wannan tashar jirgi, suruki a waccan, abokin ibada a ta uku. A garin Providence an yi wasu 'yan'uwa huɗu, Nicholas da Joseph da John da Moses, 'ya'yan gidan Brown. Mahaifinsu ya rasu a 1739 suna yara, baffansu Obadiah ya jawo su cikin kasuwancinsa, ƙaraminsu Moses har ya auri 'yar baffan. Auren zumunci ke nan, kamar a Bebeji. A 1764 suka tura jirginsu mai suna Sally gaɓar Afirka ta Yamma sayen bayi. Cikin mutum 196 da aka ɗora, aƙalla 109 sun mutu. Daga baya Moses ya tuba, ya 'yanta bayinsa a 1773, ya zama ɗan gwagwarmayar hana cinikin. John kuwa ya ƙi bari, har ƙungiyar da ƙanensa ke ciki ta sa aka gurfanar da shi a kotu a shekarun 1790. Ciki ɗaya, jari ɗaya, sai ga su a gaban alƙali. Jami'ar Brown, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Amurka, sunan gidan take ɗauke da shi tun 1804.

Mu a ganinmu, ko a yau katangar nan tana nan, ta dai sauya kama. Yaron da ya fi kowa iya lissafi a ajinku, in ba shi da kawu mai shago, wa zai ba shi buhu biyu sai kaka? Akwai kuma yaran shago da suka yi shekara bakwai, takwas, suna jiran sallamar da aka yi musu alkawari da baki, maigida ya rasu, magada suka ce ba su san zancen ba. A irin wannan wuri takarda ba rashin yarda ba ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Ko Kawu ma, da duk saninsa da uban kowa, ai yana da littafi.

Littafin nan ne ma ya kama mu. Wata ranar Kawu ya shiga Kano sarin kaya ya bar mana shagon. Sai ga wani abokinmu da muka yi sakandare tare, benci ɗaya muka zauna shekara uku. Aka yi ta dariya ana tuna baya, daga nan ya ce yana son buhu ɗaya da maganin feshi, zai turo kuɗin ta waya kafin Juma'a. Muka ba shi. Muka rubuta sunansa da boko, har da lambar waya, muna jin mun fi Kawu tsari.

Da daddare Kawu ya buɗe littafi, ya kai yatsa kan layin.

"Wannan wane ne?"

"Abokinmu ne, Kawu. Tare muka yi makaranta."

"Na ji. Wa ya tsaya masa?"

Muka yi shiru.

"Abokin aji daban, abokin ciniki daban," in ji shi. "Kun taɓa ba shi naira ɗari ya dawo da ita? Kun san gonar da zai zuba takin?" Ya ɗauki biro ya ja layi a kan sunan, ya rubuta namu a gefe. "Ku kuka tsaya masa. Ku ne fatomansa."

A ranar muka fara jin kalmar, a bakinsa.

Juma'a ta zo ta wuce. Ta biyu ma haka. Waya ta daina shiga. Ranmu ya ɓaci, muka ce za mu saka sunansa a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu kowa ya gani, ko mu kai maganar wurin hukuma. Kawu ya hana. Ya ce in muka tona shi a gaban sa'o'insa, kuɗin sun tafi, abokin ya tafi, kuma gidansu gaba ɗaya ba mai sake taka shagon nan. Sai ya yi 'yan tambayoyi a masallaci, ya gano baffan yaron aminin wani amininsa ne. Ya sayi goro, fari tas, ya ƙulle a leda, ya ba amininsa ya kai wa baffan da gaisuwa. Ba a ambaci taki ba ko sau ɗaya. An dai ce mai shagon taki na Karaye yana gaisuwa, kuma ya ce yaronku yana da kirki, ya zo har shago.

Muka koma makaranta ba mu ji komai ba.

Da kaka muka zo hutun mako. Muna zaune sai ga mutumin Kafin Dabga, ya sayar da masararsa, ya ƙirgo kuɗin buhu biyu cif, ya kuma sauke tiya uku ta sabon wake ya ce a kai wa iyali. Kawu ya soke layinsa. Washegari da la'asar wani dattijo ya yi sallama, abokinmu yana biye da shi, kansa a ƙasa. Ashe takin ba gona ya kai ba, sayarwa ya yi ya biya kuɗin rajistar jarrabawar ƙanwarsa, ya sa rai zai cike kafin a ankara. Dattijon ya ajiye rabin kuɗin, ya ce saura sai an sayar da rake. Kawu ya karɓa, ya sa aka kawo musu ruwa, suka shiga hirar wani malami da suka yi karatu a wurinsa su biyu, shekara arba'in da suka wuce. Mu da abokinmu muna gefe, an rasa mai fara magana.

Da suka tashi tafiya muka raka shi har bakin titi. Ya ce zai kira. Ya kuwa kira, sau biyu zuwa yanzu.

Mun leƙa littafin kafin mu dawo makaranta. Kawu ya rage rabin, ya rubuta abin da ya saura. Sunan da ke gefen layin har yanzu namu ne.